Ingilishi Ta Ƙofar Hausa: Tafiyata Karkarar Dawakin Tofa

Mu mutanen Maraɗi ba baƙi ba ne a hanyar Kano. Kakanninmu sun bi ta da jakuna da raƙuma, iyayenmu sun bi ta a manyan motoci, yau kuma da wuya ka sami gida a unguwarmu da ba shi da ɗa ko suruki mai kai-komo tsakanin kasuwarmu da Dawanau ko Kantin Kwari. Sai dai yawancinmu ciniki ne ke kai mu. Daga tasha sai rumfa, daga rumfa sai masauki, karkarar da ke dama da hagu kuwa ta tagar mota kawai muke hango ta. Ni ba wake ne ya kai ni ba, ba kuma riɗi ba. Malamin Ingilishi ne ni a wata koleji, kuma makarantun ƙauye na je gani.

Ga abin da ya tayar da ni. A ƙarshen watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mu malaman Ingilishi mun yi murna, amma murnar ba ta je ko'ina ba tambaya ta biyo baya: wa zai koyar, kuma ta yaya? A wurinmu yaro ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya shiga koleji, bayan ya shekara shida a lakwal yana kokawa da Faransanci. In ya zo hannuna, da Faransancin nan nake yi masa bayanin Ingilishi, alhali rabin ajin Faransancin bai zauna musu ba. Hausar da muke ji gaba ɗayanmu, ni da su, tana bakin ƙofa tana jiran a tashi. A da muna da masu ba da hannu daga waje. 'Yan sa-kai na Peace Corps daga Amurka sun fara zuwa Nijar a 1962, rukunin farko ma malaman Ingilishi ne su bakwai, kuma wasu daga cikin malamanmu a hannun irinsu suka yi karatu. A Janairun 2011 suka tattara suka tafi saboda matsalar tsaro, ba su dawo ba.

Ina da ɗan gwaggo, malamin firamare a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Shi ya ce mini a waya, "Malam, ka daina hangen Landan. Ka zo nan ka ga abin da Turawan Ingila da gwamnatin Kano suka gwada a makarantunmu." Da kaka ta yi, aka gama yankan dawa, na kama hanya. Muka bi ta Ɗan Isa, muka tsallaka iyaka a Magama ta Jibiya, muka yi azahar a Katsina, sannan muka miƙa: Charanchi, Kankiya, Tsanyawa, Bichi.

Kafin in zo maganar makaranta, dole in tsaya a kan ƙasar, domin ita ta fara kama mini ido, kuma ba za a gane ɗayar ba sai da ɗayar. Daga Bichi zuwa gaba ba ka ƙara ganin abin da za ka kira daji. Gona na manne da gona, iyakarsu layin gamba ne ko jerin lalle, sai ɗan siririn burtali da aka bar wa dabbobi. Ba ka tafiyar da za ka gaji ba ka tarar da wasu gidaje ba, da rumbunansu da rijiyarsu da masallacinsu. A cikin gonakin kuma ga itatuwa tsaye kamar an lissafa su aka ajiye: ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, da gawo wanda a lokacin yake fitar da sabon ganye sa'ad da sauran ke shirin kakkaɓe nasu. Kowace bishiya da mai ita. An ɗaure karan dawa dami-dami an jingine, an ɗora harawar wake a kan rassa da rufin ɗakuna don awaki su ci da rani, wasu manoman har sun fara kai taki da amalanke suna zubewa tsibi-tsibi, damina na da sauran watanni. Na ga dattijo yana tsince ganyen gyaɗar da ya zube daga buhu a bakin hanya, bai bar ko ƙanƙani ba.

Ƙasar nan ba ta san hutu ba. Shekara da shekaru ana noma ta kowace damina, kaka da kakanni, amma ba ta mutu ba, saboda abin da aka ɗauka daga gare ta ana mayar mata ta hanyar kashin dabbobi da toka da sharar gida, da kuma takin birni da jakuna suka daɗe suna ɗaukowa daga Kano a mangala bayan sun kai itace. Wani Baturen Ingila masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna wa masu cewa yawan jama'a ne ke kashe ƙasa cewa a nan yawan hannu ne ke raya ta. Daga baya ya yi irin wannan aiki a kan jiharmu ta Maraɗi. Na san da maganar, amma gani ya kori ji. Mu ma muna alfahari da gawon da ya dawo gonakinmu ta hanyar sassaben zamani tun shekarun 1980. Nan kuwa ba dawowa ya yi ba, bai taɓa tafiya ba.

Wannan cunkoso yana da nasa nauyi. Mijin gwaggona, wanda nake ce wa Baba, ya nuna mini gonar da ubansa ya noma shi kaɗai. An raba ta gado sau biyu, yanzu gidaje da yawa ke ci daga gare ta, kowa da ɗan yankinsa. Ya ce, "Ɗana, gonar nan ba za ta ƙara faɗi ba. Jikokina dole wani ya yi kasuwa, wani ya yi aikin asibiti, wani ya koyi gyaran waya." Na tambaye shi ko shi ya sa yake son su ji Turanci. Bai amsa da baki ba sai da ya shiga ɗaki ya fito da robar maganin feshi, ya nuna mini rubutun da ke jikinta. Ya ce murfi nawa ake zubawa, kwana nawa za a jira kafin a ci waken, duk suna nan a rubuce, amma sai ya nemi yaron maƙwabta. Haka saƙon banki a waya, haka katin asibiti, haka takardar neman taki. Ga kuma Dawanau a ƙofar gidansu, babbar kasuwar hatsi da ake ji da ita a Afirka ta Yamma, inda masu sayen riɗi da zoɓo don fitarwa waje suke magana da Turanci, wanda ya iya shi ne dillali, wanda bai iya ba shi ne ɗan dako. Ban ji ƙiyayyar boko a bakin dattijon nan ba. Abin da na ji shi ne ƙorafin cewa yaro zai shekara shida yana zuwa makaranta ya fito ba Turanci ba Hausa.

Wannan ciwon ne aka zo yi wa magani. Birtaniya ta daɗe tana sa hannu a ilimin Kano. Daga 2008 zuwa 2017 hukumarta ta raya ƙasashe, DFID, ta ɗauki nauyin shirin ESSPIN a jihohi shida, Kano na ciki, aka horar da malamai da hedimastoci, aka ƙarfafa kwamitocin iyaye da masu unguwanni da ke lura da makarantu. Amma wanda ya shafi abin da na je nema shi ne na ƙarshen 2019, shekarar da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda shi kansa ɗan wannan ƙaramar hukuma ne, ya ayyana ilimi kyauta kuma dole. Shirin ana kiransa KaLMA. Kuɗin na gwamnatin Birtaniya ne, aikin kuma haɗin gwiwa ne tsakanin British Council, da ƙungiyar TaRL Africa, da Ma'aikatar Ilimi ta Kano, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha wato SUBEB, da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi. Ƙananan hukumomi biyu aka ɗauka gaba ɗayansu, Dawakin Tofa da Wudil, aka nufi yara sama da 37,000 'yan aji huɗu zuwa shida, a koya musu karatun Hausa da lissafi da Ingilishi. Dabarar kanta ba daga Ingila ta fito ba. Daga Indiya take, daga ƙungiyar Pratham da ta faro a birnin Mumbai, kuma masanan da suka gwada ta a can suka tabbatar tana aiki, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suna cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Gindin dabarar guda ne: a koyar da yaro daga inda ya tsaya, ba daga inda littafin ajinsa ya ce ya kamata ya kai ba.

An fara ke nan annobar korona ta rufe makarantu a Maris na 2020. Ba a naɗe tabarma ba. Aka mayar da darussan gidajen rediyo, aka riƙa tura wa iyaye saƙo a waya, na rubutu da na murya, daga baya aka raba wa yara takardun aiki su yi a gida da taimakon yayyensu. Ɗan gwaggona ya ce a lokacin ne ya ga iyaye mata da ba su taɓa leƙa makaranta ba suna tsare yara a gindin rediyo. Shirin ya kai 2021, sannan wani babban shiri na Birtaniya mai suna PLANE ya ci gaba da aikin karatun tushe a Kano da Kaduna da Jigawa.

Wannan duk labari ne da kowa zai iya ji daga nesa. Abin da na gani da idona shi ne wata malama a makarantar ƙauyen da na sauka, wadda ta koyi aikin tun tana ɗalibar kwalejin malamai, lokacin da aka turo su taya malaman aji, har yau kuma ba ta sake shi ba. Hedimasta ya kai ni wurinta, muka gaisa, ta ce, "Malam, ka zo a daidai, yau zan auna wasu yara da suka dawo daga girbi."

Takarda ɗaya ce a hannunta. A jikinta akwai haruffa, da kalmomi, da 'yan gajerun jimloli, da ɗan labari, duk da Hausa. Ta zauna a benci, ta kira wani dogon yaro ɗan aji biyar, ta zaunar da shi kusa da ita, ba a gabanta ba. Ta tambaye shi shanun gidansu da yadda waken bana ya yi, sai da ya saki jiki sannan ta nuna masa jimlolin. Ya kafa musu ido, leɓɓansa na motsi, ba abin da ya fito. Ba ta ce komai ba, ta gangaro da yatsa zuwa kalmomi. Ya kama ɗaya, ya kasa sauran. Ta gangaro zuwa haruffa, nan ya kira su tiryan-tiryan, har muryarsa ta ɗaga. Ta ce, "Madalla, ka iya haruffa. Kalmomi za mu shiga." Ta yi 'yar alama a littafinta. Yaron ya tashi da abin da ya iya a kunnensa, ba da abin da ya kasa ba. Na daɗe ina koyarwa, na san yadda yaro irin wannan yake ƙarewa a bencin baya har ya bar makaranta, ba wanda ya taɓa zama kusa da shi ya gano inda ya tsaya.

Bayan an auna, ba a kula da aji ko shekaru. 'Yan aji huɗu da biyar da shida aka gauraya, masu haruffa wuri guda, masu kalmomi wuri guda, masu karanta labari wuri guda. Ɗakunan ba su isa ba, ɗaya ma iska ta yaye masa kwano tun damina, don haka rukuni biyu a gindin darbejiya suka zauna a kan tabarmi. Masu haruffa suna haɗa gaɓoɓi da katunan kwali, suna rubutu da yatsa a ƙasa, a share a sake. Masu lissafi suna da tsinken tsintsiya, goma-goma an ɗaure da roba, in za a yi ragi a kwance ƙulli ɗaya a ara. Ban ga kayan aikin da ya fi ƙarfin aljihun ƙauyen ba.

Sai aka zo kan Ingilishi, na gyara zama. Malama ta fara da Hausa: "Jiya na je kasuwa na sayo wake kwano biyu." Kowa ya gane, har wani ya ce ai wake ya yi sauƙi bana. Ta faɗi jimlar da Ingilishi a hankali, ta sake faɗa da Hausa, ta koma Ingilishi. Yara suka maimaita. Sannan ta ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya canja abin da ya sayo da yawansa. Wuri ya kaure. Wake ya zama gero, gero ya zama akuya, biyu ya zama goma. In yaro ya rasa kalma sai ya jefa ta Hausa a cikin jimlar ya wuce, malama ta ba shi ta Ingilishin, ya ɗauka ya sake. Wata 'yar yarinya mai shuɗin hijabi, wadda aka ce mini tana tallan gyaɗa in an tashi, ta juya jimlar gaba ɗaya, ta ce ita ba saye ta yi ba, sayarwa ta yi. Ta yi kuskure a wurin nuna cewa aikin ya wuce. Malama ba ta tsayar da ita ba, ta dai maimaita jimlar daidai cikin fara'a kamar mai tabbatar da labari, yarinyar ta ji bambancin, ta gyara da kanta.

Hayaniyar nan ita ta fi taɓa ni. Ajina a Maraɗi shiru yake, kuma na san ba shirun fahimta ba ne, na tsoron kuskure ne a cikin harsuna biyu da ba na yaro ba. A nan ba wanda aka ci tara don ya yi Hausa, ba wanda aka rataya wa wani abu a wuya. Ba zan ce yaran nan sun iya Ingilishi ba, da sauran tafiya mai nisa. Amma bakinsu ya buɗe, kuma abin da suke faɗa sun san ma'anarsa.

Da aka tashi na ce mata, "Malama, ba kya tsoron iyaye su ce sun kawo yara koyon Turanci kina cika su da Hausa?" Ta ce sun faɗa da farko. "Amma Malam, wanda bai iya karanta abin da yake faɗa da bakinsa ba, ta ina zai karanta abin da bai taɓa ji ba?" Ta yi mini bayani irin na wadda ta yi aikin da hannunta. Karatu, in ji ta, sau ɗaya ake koyonsa. Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka yaro na saurin gane cewa harafi sauti ne, sautuka kuma in sun haɗu magana ce. Ingilishi ba haka yake ba, rubutunsa da furucinsa sukan raba hanya. In ka haɗa wa yaro wahalar gane karatu da wahalar baƙon harshe da wahalar wannan rubutu a lokaci guda, sai ya haddace abin da ke allo ya rera maka, ka ɗauka ya iya. In kuwa ya riga ya karanta Hausa, kunnensa kuma ya saba da Ingilishi ta hanyar magana, ranar da ka ba shi littafin Ingilishi aiki ɗaya ya rage masa. Ta kuma gaya mini gaskiya cewa ba kowace makaranta ce ta riƙe tsarin ba bayan masu zagayen duba aiki sun ragu, wasu malaman an canja musu wuri, wasu sun koma yadda suka saba.

Da yamma Baba ya ja ni lambunsa na bakin fadama, yana yi wa mangwaro aure. Ya sami ɗan dashen da ya tsiro daga ƙwallon mangwaron gida, mai kaurin yatsa, ya datse kansa, ya tsaga shi kaɗan da aska. Ya ɗauko reshen da ya yanko daga wani mai manyan 'ya'ya, ya fiƙe gindinsa ta gefe biyu, ya cusa a tsagar, ya naɗe da leda tamau. Ya ce in ka dasa baƙon shi kaɗai ƙasar nan ba za ta karɓe shi ba, na gidan ne ya san inda ruwa yake. Abin da malamar take yi ke nan da harsunan biyu, saiwar ta gida ce, reshen baƙo ne, kuma ba wanda ya kashe wani.

Abin mamaki, ba sabon abu ba ne a ƙasar Kano. Bayan sallar asuba na zauna a zauren limamin ƙauyen ana karatun littattafai, wannan da Ahalari, wancan da Iziyya, wani magidanci da Risala. Ɗalibi ya ja Larabci gaɓa guda, malam ya ba shi da Hausa, ya ƙara ja, a ƙara ba shi. Da wannan hanya ƙasar Hausa ta fitar da malaman da suka yi wallafa da Larabci ɗaruruwan shekaru, ba wanda ya ce sai an hana almajiri Hausa kafin Larabci ya shige shi. Ko bokon ma da haka ya fara. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 da Hausa take koyarwa, gidansa na nan har yau ana zuwa kallo. Waɗanda suka wuce Kwalejin Katsina bayan buɗe ta a farkon shekarun 1920, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da duniya ta yaba wa Ingilishinsa, da Hausa suka fara karatu, kuma shi ɗin ne ya rubuta littafi da Hausa, haka Abubakar Imam. Ingilishinsu bai ragu da komai ba.

Shi ya sa maganar da na tarar ana yi a ɗakin malamai ta dame ni. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayyar Najeriya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekarun firamare. A Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, ya ce Ingilishi ne harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. A wurin wani taro kan harshe da ilimi da British Council ta shirya a Abuja ya yi sanarwar, alhali ita British Council tun 2017 ta fitar da matsayarta cewa a ƙasashe irin namu yaro ya fi koyo in aka fara masa da harshen da yake ji, a koya masa Ingilishi a matsayin darasi. Ni baƙo ne, ba ni da bakin gaya wa Najeriya yadda za ta yi da makarantunta, kuma damuwar ministan ta gaskiya ce, yara na faɗuwa. Amma yaron nan dogo da na gani ba Hausa ce ta hana shi Turanci ba. Bai iya karanta kowane harshe ba, shekara biyar ana rubuta masa Turanci a allo yana kwafa. Ina fata Kano, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan iliminta a Yunin 2024, za ta duba abin da aka gwada a gonarta kafin ta yar.

In aka tambaye ni abin da ya burge ni a wannan haɗin gwiwa na Birtaniya da Kano, zan ce yadda ba a ganin Baturen a cikinsa. Ban raina 'yan Peace Corps ba, sun bar iyayensu sun zauna a garuruwanmu, sun sha zafinmu, wasu sun ji Hausa ram. Amma ranar da suka hau jirgi, darasin ya bi su. A nan kuwa an zuba abin a cikin malamin ƙauye da ɗalibar kwaleji da jami'in ilimi na ƙaramar hukuma, mutanen da ba su da inda za su. Ƙasar da harshenta ne ake son yaɗawa ta yarda a fara da harshen mai gida, ta kuma yarda ta aro dabara daga Indiya. Wannan hankali ne, kuma na yaba.

Sai dai kuɗin waje ba abin jingina ba ne. Birtaniya ta rage abin da take warewa na agaji daga kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta zuwa 0.5 a 2021, a Fabrairun 2025 kuma ta ce za ta sauko da shi zuwa 0.3 nan da 2027. Hukumar USAID ta Amurka an rushe ta a 2025. Mu a Nijar, yadda dangantakarmu da ƙasashen Yamma take yanzu, ba na jin akwai jakadan da zai zo mana da irin wannan shiri gobe. To me ya hana mu duba kudu? Najeriya na da shirin tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik tun 1987, malamai na cikin waɗanda take turawa. Ƙasashen biyu na da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, hedikwatarta a Yamai. Ana shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Na san siyasa ta yi tsami tsakanin Abuja da Yamai tun juyin mulkin Yulin 2023, har aka rufe iyaka watanni, kowa ya ji a jikinsa daga Dawanau har kasuwarmu. Amma babu wata ƙasa a duniya da ke da yawan malamai masu jin Hausa da Ingilishi a baki ɗaya kamar wadda ke maƙwabtaka da mu, kuma malamar da na gani za ta iya tsayawa gaban 'yan ajina gobe ba tare da tafinta ba.

Mu ma ba hannu rabbana za mu je ba. Tun 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara wa yara da Hausa kafin Faransanci, kuma dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. Muna da littattafan lissafi da na karatu da Hausa, muna da malaman da suka tsufa a wannan aiki. Da na ba malamar wannan labari ta yi mamaki, ta ce ba ta taɓa ji ba. Na roƙe ta kwafin takardar awon nan da jerin jimlolin da take amfani da su, ta sa aka buga mini a wani shago a Dawanau, domin ina so in auna 'yan ajin farko na kolejinmu da Hausa kafin in buɗe musu littafin Ingilishi. Ita kuma ta ce in aiko mata da littattafan lissafinmu na Hausa na aji ɗaya da na biyu ta hannun direbobin Maraɗi masu sauke wake, tana so ta ga yadda muka bi da ragi da rabawa. Hedimasta ya ce in dogon hutu ya zo, in na samo izini daga shugabannin makarantarmu, zai bar ta ta zo ita da ɗan gwaggona su yi wa malamanmu bita.